Tarihin Gwajin Magungunan Rigakafin Zubar Jini ga Masu Hemofiliya

Hemofiliya cuta ce ta gado da ke hana jini daskarewa a kan lokaci. A cikin jinin ɗan Adam akwai sinadarai fiye da goma da ke tayar da juna, wannan ya tayar da wancan, har a sami dunƙulen da zai toshe bakin rauni. Wanda aka haifa da ƙarancin na takwas a cikinsu shi ne mai hemofiliya A, mai ƙarancin na tara kuwa hemofiliya B gare shi. Umarnin ƙera sinadaran biyu yana kan kuromosom X, shi ya sa ciwon ya fi bayyana a jikin maza, uwa kuma takan ɗauke shi ta ba ɗanta ba tare da ta san yana tare da ita ba. Nau'in A kan sami kusan ɗa namiji ɗaya cikin 5,000 da aka haifa, B kuwa bai kai haka yawa ba. Idan sinadarin bai kai kashi 1 cikin 100 na abin da ke jinin mai lafiya ba, likitoci suna cewa ciwon mai tsanani ne.

Mutane da yawa sun ɗauka haɗarin yana ga yankan wuƙa ko reza. Ɓarnar da ta fi yawa a cikin jiki take faruwa, inda ido ba ya gani. Jini kan tsiyaya cikin gwiwa, ko idon sawu, ko gwiwar hannu, wani lokaci ba tare da yaro ya faɗi ko ya buge ba. Da farko yakan ji ɗumi da wani irin tsikari a wurin, kafin a jima gaɓar ta kumbura, ta yi zafi, ta ƙi miƙewa. Ƙarfen da ke cikin jinin da ya taru yana fusata fatar da ta lulluɓe cikin gaɓar, sai ta yi kauri, ta tsiro da ƙananan jijiyoyi marasa ƙwari, su kuma su sake fashewa. A haka guringuntsi ke cinyewa, yaro ya gurgunce tun bai balaga ba. Zubar jini a ƙwaƙwalwa kuwa kisa take yi. Saboda haka hanya biyu ce a gaban likita: ya jira jini ya ɓalle sannan ya ba da magani, ko ya riƙa zuba maganin a jiki a kai a kai tun kafin komai ya faru. Ta biyun ita ce rigakafi, kuma matsalarta a wurin gwaji ita ce abin da ake so a nuna, wato jinin da bai zuba ba, ba a iya ganinsa sai an kwatanta da wani wanda nasa ya zuba.

Rigakafi na farko da aka rubuta ba magani ba ne, nisantar aska ne. Littafin Talmud na Yahudawa ya kawo hukuncin malamansu na ƙarni na biyu cewa matar da 'ya'yanta biyu suka mutu da zubar jini bayan kaciya, ba za a yi wa na uku ba. A Andalus, likita Abul Ƙasim Al-Zahrawi, wanda ya rasu wajen 1013, ya ba da labarin wani ƙauye da mazansa ke mutuwa da zubar jini daga ƙaramin rauni. A 1803 John Conrad Otto na Filadelfiya ya bi zuriyar wani gida ya nuna cewa mata ke ɗaukar ciwon, maza ke kwanciya da shi. Gidan sarautar Ingila ya sa duniya ta san da shi: Leopold, ɗan Sarauniya Victoria, ya rasu a 1884 yana da shekara 30 bayan ya zame ya faɗi, kuma ta hanyar jikarta ciwon ya kai ga Alexei, magajin sarkin Rasha. Dukiya ba ta tsinana musu komai ba, don ba a san abin da ya ɓace daga jinin ba. Ƙididdigar da aka yi a Suwidin ta nuna cewa tsakanin 1831 da 1920, tsawon rayuwar mai hemofiliya mai tsanani bai wuce kusan shekara 11 ba.

Gano abin da ya ɓace ya zo a hankali. A 1840 Samuel Lane ya ƙara wa wani yaro jini a Landan, zubar ta tsaya. A 1937 Patek da Taylor na jami'ar Harvard suka ware wani ɓangare na ruwan jini da ke gyara daskarewar jinin majinyata. A 1947 Alfredo Pavlovsky a Ajantina ya gauraya jinin masu hemofiliya biyu ya ga kowanne ya gyara ɗan'uwansa, alamar cewa ciwon ba iri ɗaya ba ne. A 1952 Rosemary Biggs da abokan aikinta a Oxford suka tabbatar da nau'i na biyu a jikin wani yaro mai suna Stephen Christmas. Duk da haka magani bai wuce ruwan jini ba, sinadarin da ke cikinsa kuma kaɗan ne, ta yadda kafin a zuba abin da zai isa, zuciyar yaro ta gaza ɗaukar yawan ruwan.

A Suwidin aka fara tunanin rigakafi na gaskiya. Birger da Margareta Blomback sun tace wani ɓangare na ruwan jini a Stockholm wanda sinadari na takwas ya fi yawa a ciki, kuma a 1958 likita Inga Marie Nilsson ta garin Malmo ta fara ba wasu yara shi ba tare da jiran jini ya ɓalle ba. Hujjarta lura ce mai sauƙi, wadda likitan ƙashi Ake Ahlberg ya ƙarfafa a rubutunsa na 1965: majinyatan da sinadarinsu ya ɗan haura kashi 1 cikin 100 ba kasafai gaɓoɓinsu ke lalacewa ba. Ke nan ba sai an mayar da yaro mai cikakkiyar lafiya ba, a ɗaga shi kawai daga mai tsanani zuwa matsakaici. Da farko allurar ba ta da yawa kuma ana daɗewa ba a yi ba, saboda ƙarancin magani. Da shekaru suka tafi aka ƙara yawanta, aka kuma rage shekarun farawa, har tsarin ya tsaya a kan fara wa yaro tun yana shekara ɗaya ko biyu, sau uku a mako ga mai nau'in A. A 1992 Nilsson ta wallafa sakamakon shekara 25 a kan majinyata 60. Waɗanda aka fara wa da wuri kuma da isasshen magani, gaɓoɓinsu kusan lafiya lau suke. Holan ma ta bi wannan hanya tun ƙarshen shekarun 1960, da magani ƙasa da na Suwidin.

Sai dai wannan ba gwaji ba ne a ma'anar da masana ke nufi. Babu rukunin da aka ware don kwatance, yaran baya kuma sun sami kulawar da ta fi ta na farko ta kowace fuska. Mai biyan kuɗin magani a wata ƙasa yana iya cewa ba a tabbatar ba, kuma an faɗi hakan na tsawon shekaru.

Kafin a kai ga warware wannan gardama, wani bala'i ya shiga tsakani. A 1964 Judith Graham Pool ta jami'ar Stanford ta gano cewa idan aka daskarar da ruwan jini aka bar shi ya narke a hankali cikin sanyi, guntun da ke kwantawa a ƙasan leda cike yake da sinadari na takwas. Kowace leda daga mutum ɗaya take fitowa, kuma ƙaramin bankin jini ma zai iya yin ta. A shekarun 1970 kamfanoni suka zo da abin da ya fi wannan sauƙi: garin magani a ƙaramar kwalba, a dama da ruwa, uwa ta yi wa ɗanta allura a gida. Yara suka koma makaranta, manya suka kama aiki. Amma kowane zubi na wannan gari daga jinin dubban mutane ake haɗa shi, a Amurka kuma sayen jinin ake yi, har daga fursunoni da masu allurar ƙwaya. Mutum ɗaya mai ƙwayar cuta ya isa ya gurɓata zubin gaba ɗaya. Ciwon hanta ya fara bazuwa, aka ɗauke shi a matsayin abin da za a iya jurewa. A watan Yulin 1982 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton masu hemofiliya uku da garkuwar jikinsu ta rushe. An gudu ba a tsira ba. Kusan rabin masu hemofiliya a Amurka sun kamu da HIV, Stephen Christmas kansa ƙanjamau ce ta kashe shi a Kanada a 1993.

Binciken da Sir Brian Langstaff ya jagoranta a Birtaniya, wanda aka fitar da rahotonsa ranar 20 ga Mayu 2024, ya gano cewa kimanin mutum 1,250 masu ciwon zubar jini aka sa wa HIV a ƙasar, kusan 380 daga ciki yara ne. Abin da ya shafi tarihin gwaji kai tsaye shi ne labarin makarantar Treloar da ke Hampshire, makarantar kwana ta yara masu naƙasa wadda ke da cibiyar hemofiliya a cikinta. Rahoton ya nuna an yi bincike a kan ɗalibanta, ciki har da na rigakafi da garin maganin nan, ba tare da an bayyana wa yaran ko iyayensu haɗarin ba, sau da yawa ma ba a nemi yardarsu ba. Cikin ɗalibai 122 masu hemofiliya da suka zauna a can tsakanin 1970 da 1987, kusan 30 ne kawai ke raye lokacin rahoton. A wancan zamani rigakafi yana nufin ƙarin kwalabe, ƙarin kwalabe kuma ƙarin haɗari ne. Ba mamaki da iyaye suka juya wa tsarin baya. Tsananin da ƙungiyoyin majinyata ke yi a yau kan takardar yarda da kuma sanar da duk wata illa da ta bayyana a gwaji, daga nan ya samo asali.

Dafa maganin da zafi, wanda ya zama ruwan dare a 1984 da 1985, ya kashe HIV. An gano ƙwayar gadon sinadari na tara a 1982, ta na takwas a 1984, kuma a 1992 aka ba da lasisin sinadari na takwas da aka ƙera a masana'anta ba daga jinin kowa ba. Na tara ya biyo baya a 1997. Da tsoro ya ragu, tsohuwar tambaya ta dawo. A 1994 kwamitin likitocin gidauniyar hemofiliya ta Amurka ya ba da shawarar rigakafi ga yara, amma mafi yawansu ba su samu ba, saboda tsada da wahalar neman jijiyar jariri da kuma rashin gwajin da zai rufe bakin masu shakka.

Marilyn Manco-Johnson ta jami'ar Colorado ce ta ɗauki nauyin wannan gwaji, aka fara ɗaukar yara a 1996. Yara maza 65 ne, duk ba su kai wata 30 ba. Ƙuri'a ce ta raba su, ba zaɓin likita ko na iyaye ba: 32 ana yi musu allurar yunit 25 a kan kowane kilo na nauyinsu, a yi yau a tsallake gobe, 33 kuma sai jini ya shiga gaɓa ake ba su magani, amma da yawa fiye da yadda aka saba. Da kowane yaro ya cika shekara shida, aka ɗauki hoton gwiwoyinsa da idon sawunsa da gwiwoyin hannunsa da na'urar MRI. Sakamakon ya fito a mujallar New England Journal of Medicine a watan Agustan 2007. Kashi 93 cikin 100 na 'yan rigakafi gaɓoɓinsu ba su lalace ba, a ɗaya rukunin kuwa kashi 55 ne. Uku daga cikin masu jiran jini sun yi zubar da ta kusa ɗaukar ransu. Hotunan sun kuma nuna wani abin da ba a zata ba: akwai gaɓoɓin da suka lalace alhali ba a taɓa ganin sun kumbura ba, wato jini yana iya tsiyaya kaɗan kaɗan ba wanda ya sani.

Shekara 49 ke nan tsakanin allurar farko a Malmo da wannan hujja. An samu abin da ake nema, amma da gaɓoɓin yaran da ƙuri'a ta jefa ɗaya ɓangaren aka biya, kuma bin sawunsu har zuwa shekara 18 ya nuna cewa fara rigakafi daga baya bai goge bambancin ba. Likitan da ya yi shekaru yana ganin yaran Malmo suna gudu da ƙafafunsu da wuya ya yarda ya sa majinyacinsa cikin irin wannan ƙuri'a. Likitan da kamfanin inshora ke hana wa magani kuwa ba shi da wata hanyar. Tun daga nan ba a ƙara ganin ya halatta a bar ƙaramin yaro shekaru ba rigakafi don kwatance ba, wannan kuma ya sauya fasalin duk gwajin da ya biyo baya.

Ma'aunin da aka tsaya a kai shi ne yawan zubar jini a shekara. Majinyaci yana rubuta duk lokacin da ya ji jini ya ɓalle har ya yi allura, a takarda ko a waya, sai a lissafa. Ma'aunin yana da rauni. Mai tsohuwar gwiwa da ta riga ta cinye ba koyaushe yake bambance ciwon sanyin ƙashi da sabon jini ba, kuma a yawancin gwaje-gwajen kowa ya san abin da ake ba shi, sanin kuma yana shafar abin da mutum ke rubutawa. Masu ciwon ba su da yawa, don haka gwajin mutum 100 ko 150 babba ne a wannan fanni, sai an tattaro su daga ƙasashe da dama. Don rage zaluntar rukunin kwatance, aka koma ɗaukar manya da matasan da dama can ba sa rigakafi, a taƙaita zamansu ba magani zuwa kamar wata shida, sannan a ba su sabon. Wata dabarar ita ce a bi mutum na wasu watanni yana kan tsohon maganinsa, sannan a kwatanta shi da kansa.

Abu na farko da kamfanoni suka nufa shi ne rage yawan allura. Rabin sinadari na takwas yana ƙarewa a jini cikin kusan awa 12, shi ya sa yaro ke shan huda jijiya sau 150 ko fiye a shekara, wasu har sai an dasa musu ƙaramar na'ura a ƙirji, ita kuma tana jawo ƙwayoyin cuta. A 2014 aka fito da sinadaran da aka liƙa wa wani abu don su daɗe. Ga nau'in B an ci nasara sosai, allura ta koma sau ɗaya a mako ko ƙasa da haka. Ga nau'in A ƙarin bai wuce rabin lokacin da aka saba ba, domin sinadari na takwas yana yawo ne manne da wani furotin mai suna von Willebrand, idan jiki ya share wannan sai ya tafi da shi. Sai a 2023 aka amince da efanesoctocog alfa, wanda aka ƙera don kada ya manne da furotin ɗin, ana yin sa sau ɗaya a mako.

Akwai kuma waɗanda duk wannan bai amfana ba. Kusan kashi 30 cikin 100 na yara masu nau'in A mai tsanani, garkuwar jikinsu tana ɗaukar maganin a matsayin baƙo ta kashe shi. Ana kiran wannan garkuwa inhibita. Gwajin SIPPET da aka wallafa a 2016, a kan yara 251 da mafi yawansu daga Indiya da Masar da Iran suke, ya sami inhibita a kusan kashi 27 na waɗanda aka ba maganin ruwan jini da kusan kashi 45 na waɗanda aka ba na masana'anta, sakamakon da aka daɗe ana gardama a kansa. Masu inhibita sun dogara da magungunan da ke zagaye gurbin, FEIBA da NovoSeven, masu tsada da rashin tabbas.

Daga Japan mafita ta fito. Aikin sinadari na takwas aikin dillali ne: shi ba ya saye ba ya sayarwa, yana kamo hannun na tara ne ya haɗa da na goma don ciniki ya faɗa. Masana na kamfanin Chugai, tare da Midori Shima na jami'ar likitanci ta Nara, suka yi tunanin ƙera ƙwayar garkuwa mai hannu biyu da za ta yi wannan haɗin. Sun tace kusan nau'i 40,000 kafin su sami wadda ta yi aiki, aka wallafa a 2012, daga baya aka inganta ta aka sa mata suna emicizumab. Tunda siffarta ba ta sinadari na takwas ba ce, inhibita ba ta gane ta. A ƙarƙashin fata ake yin allurarta, kuma rabinta yana kai kusan wata guda a jiki.

Gwajin HAVEN 1 ya ɗauki masu inhibita 109 daga shekara 12 zuwa sama, aka wallafa shi a 2017. Masu karɓar allurar mako mako sun yi zubar jini kusan sau 3 a shekara, marasa rigakafi kusan sau 23, ragin kashi 87 cikin 100. Kashi 63 na rukunin farko ba su yi zubar da ta buƙaci magani ba ko sau ɗaya. Amma a cikin gwajin wani sabon haɗari ya bayyana, kishiyar wanda aka saba da shi. Mutum biyu jini ya dunƙule musu a jijiya, uku kuma ƙananan jijiyoyinsu suka toshe har ƙoda ta taɓu. Da aka duba, dukkansu an ba su FEIBA mai yawa, fiye da yunit 100 a kan kowane kilo a rana, na tsawon kwana ɗaya ko fiye. FEIBA tana ɗauke da sinadaran da emicizumab ke haɗawa, sai daskarewa ta wuce gona da iri. Aka sauya ƙa'idar ba da magani ana cikin gwajin. Hukumar FDA ta Amurka ta amince da maganin a Nuwamban 2017, da gargaɗi a kan kwalinsa. HAVEN 3, wanda Johnny Mahlangu na Johannesburg ya jagoranci rubuta sakamakonsa a 2018, ya gwada shi ga marasa inhibita 152: ragin ya kai kashi 96 zuwa 97 idan aka kwatanta da rashin rigakafi, da kashi 68 ga waɗanda aka kwatanta da kansu lokacin da suke kan sinadari na takwas. Emicizumab ba ya tsayar da jinin da ya riga ya ɓalle, kuma ba ya yi wa mai nau'in B komai.

Don cike wannan gurbi aka bi wata hanya dabam. Jiki yana da sinadaran da ke hana jini daskarewa fiye da kima, kuma an lura cewa wasu masu hemofiliya da suka gaji halin saurin dunƙulewar jini tare da ita ba sa zubar da jini kamar sauran. Ke nan maimakon a ƙara abin da ya ɓace, ana iya rage abin da ke hanawa, dabarar da za ta yi aiki ga A da B, da inhibita ko babu. Haɗarinta a fili yake, kuma kusan duk maganin da aka gwada a wannan layi ya yi tuntuɓe. Fitusiran yana hana hanta ƙera sinadarin antitrombin. A Satumban 2017 aka dakatar da gwajinsa bayan mutuwar wani majinyaci. Ya zo da ciwon kai mai tsanani, hoton farko ya sa aka ɗauka jini ne ya zuba a ƙwaƙwalwa, abin da kowane likitan hemofiliya zai fara zato, aka ci gaba da ba shi sinadari na takwas. Da aka sake duba hotunan daga baya, sai aka ga dunƙulen jini ne ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwar. An ci gaba da gwajin da sababbin ƙa'idoji, aka sake tsayawa a ƙarshen 2020 saboda wasu dunƙulen, sannan aka rage maganin, ana auna jinin kowane mutum don antitrombin ɗinsa ya tsaya tsakanin kashi 15 da 35. Sai a Maris 2025 FDA ta amince da shi. Concizumab na Novo Nordisk, allurar kullum da alƙalamin allura, an dakatar da gwajinsa a Maris 2020 bayan mutum uku sun sami dunƙulen jini, aka dawo bayan watanni, ya sami amincewar FDA a Disamban 2024. Marstacimab na Pfizer, na mako mako, ya riga shi da wata biyu.

Gyaran ƙwayar gado shi ne rigakafin da ake fatan a yi sau ɗaya a huta. Ana cusa umarnin ƙera sinadarin a cikin kwanson wata ƙwayar bairos mara cutarwa, a ɗura ta jijiya, ta kai shi hanta. Gwajin farko a hanta, wanda aka wallafa a 2006, ya yi aiki na makonni kafin garkuwar jiki ta kashe ƙwayoyin hantar da suka karɓa. A 2011 Amit Nathwani na Landan da abokan aikinsa na asibitin St Jude a Amurka suka nuna mutum shida masu nau'in B da hantarsu ta ci gaba da ƙera ɗan abin da ya isa. Abin da ya ƙara wa hanyar ƙarfi daga garin Padua na Italiya ya zo, inda aka sami wani saurayi da jininsa ke dunƙulewa saboda sinadarinsa na tara ya ninka na kowa ƙarfi kusan sau takwas. Irin nasa aka sa a Hemgenix, wanda aka gwada a kan maza 54 bayan an bi kowannensu aƙalla wata shida a kan tsohon maganinsa. An amince da shi a Nuwamban 2022, a kan dala miliyan 3.5. Na nau'in A, Roctavian, FDA ta mayar da shi a 2020 tana neman bayanan shekara biyu, domin sinadarin yana raguwa a jini da tafiyar lokaci, sai a Yunin 2023 ta amince. Irin wannan magani ba a janye shi idan ya shiga, ba a kuma maimaita shi, kuma manyan gwaje-gwajensa ba su haɗa da yara ba. Majinyatan da allurar ƙarƙashin fata ta riga ta wadatar ba su yi tururuwa zuwa gare shi ba. A Fabrairun 2025 Pfizer ta daina sayar da nata, Beqvez, ƙasa da shekara ɗaya bayan samun lasisi.

Wani ƙiyasi na 2019 ya ce maza masu hemofiliya a duniya sun kai kimanin 1,125,000, kuma mafi yawansu ba a ma gano su ba. A ƙasar Hausa sau da yawa ranar kaciya ko cire beli a hannun wanzami ne ciwon ke fara bayyana, kuma tambayar ko wani kawun yaro ta wajen uwa ya taɓa zubar da jinin da ya ƙi tsayawa ita ce matakin kariya mafi araha. Inda magani ya yi ƙaranci, tambayar gwaji ta zama wata: mene ne mafi ƙanƙantar abin da zai yi amfani? Ƙananan gwaje-gwaje a Indiya da Sin da Tunisiya sun nuna cewa yunit 10 zuwa 15 a kan kowane kilo, sau biyu a mako, yana rage zubar jini sosai idan aka kwatanta da jira, ko da bai kai tsarin Malmo ba. Tarayyar Hemofiliya ta Duniya, wadda Frank Schnabel na Montreal ya kafa a 1963, tana raba maganin da kamfanoni suka ba da kyauta, ta nan ne kuma mafi yawan abin da ke isa ƙasashe irin Najeriya ke bi. Sanofi da Sobi na cikin manyan masu bayarwa, Roche kuma ta yi alkawari a 2019 na ba mutum kusan 1,000 emicizumab na shekara biyar. A ƙasashen da suka wadata, yara da yawa yanzu da emicizumab ake fara musu tun suna jarirai, don haka sababbin magunguna irin su Mim8 na Novo Nordisk suna fuskantar majinyatan da zubar jininsu a shekara ta riga ta kusa sifili. Masu bincike sun fara ƙara wasu ma'aunai a kan tsohon lissafin, kamar hoton gaɓoɓi, da yawan motsa jiki, da ciwon da mutum ke ji, sannan ana rubuta duk wanda ya karɓi sabon magani a rajistar da za ta bi shi shekaru bayan an rufe gwajin.